Angwayen Ƙarfe Biyar

A tsibirinmu, in kana son jama'a su taru bayan rana ta faɗi, sai ka ce musu ƙarfe biyar. Mai gayya ya san haka, wanda aka gayyata ma ya sani, kuma ba a taɓa jin an yi faɗa a kai ba. Mutum ɗaya na sani da wannan abu mai sauƙi ya gagara shiga kansa, shi ne ɗan yayar innata, Iramina Seitoku, wanda duk gari ke kira Jirgin Ƙasa.

Ba mu da jirgin ƙasa, yawancinmu ma ba mu taɓa ganinsa ba. Yaya Seitoku ne ya kawo mana labarinsa. Yana saurayi ya haye teku ya tafi birnin Kawasaki aiki a masana'antar ƙarfe, ya yi shekara ashirin da wani abu a can, bai dawo ba sai da ciwo ya kwantar da uwarsa. Ya dawo da agogon hannu, da kunnen hagu da ƙarar injina ta toshe, da labari guda da ba ya gajiya da bayarwa: wai a can, in an ce jirgi zai tashi lokaci kaza, to ko takalminka ka duƙa gyarawa ya bar ka. Tsofaffi suka saurara sau ɗaya, suka saurara sau biyu, a na uku suka laƙaba masa sunan. Tun daga nan duk bikin da aka yi a garinmu shi ne mai share fili da shimfiɗa tabarmi. Ba wanda ya sa shi. Shi kaɗai yake samun kansa a wurin, zaman banza kuma kunya yake ba shi.

Bai taɓa aure ba. In an tambaye shi sai ya ce aiki ne ya hana. Duk tsibirin ya san dalili, shi kaɗai yake zaton sirri ne. Sunanta Mitsu. Don ita ya tafi Kawasaki, wai ya tara abin da zai zo ya yi magana da shi, amma ya manta da abu ɗaya, bai gaya mata ba. Ita kuwa ta jira iya jiran da mace za ta yi wa mutumin da bai ce mata komai ba, sannan ta auri wani masunci na gidan Agarie, ta haifa masa 'ya'ya huɗu. A zamanin da nake ba ku labari masuncin ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan duk sun watse birnin Osaka neman aiki, Mitsu tana zaune ita kaɗai a gangaren yamma tana noman garahuni. Kowace ranar hutu Yaya yakan bi ta gonarta, ya tsaya a bakin shinge, ya cire hula ya ce, "Mitsu, yau iska daga kudu take." Ta ce, "Na ji ta, Seitoku." Ya mayar da hula ya wuce. Shekara da shekaru iyakar zancensu ke nan, kuma ni da nake ƙanwarsa har tsaki nake ja in na gani.

Masifarmu a lokacin ƙudan kabewa ne. Ɗan ƙaramin abu ne mai ruwan zuma, kyakkyawa ma in ka ƙura masa ido, amma macen takan huda garahuni ko kankana ta zuba ƙwai a ciki, bayan kwanaki ka yanka ka tarar tsutsa ta riga ka ci. Saboda shi aka hana mu kai kayan lambu babbar ƙasa, wato can hayin teku inda su Osaka suke, ko guda ɗaya ka ɓoye wa ɗanka a jaka sai an ƙwace a tashar jirgi. Mitsu takan naɗe tsohuwar jarida ta yi 'yan jakunkuna, ta sa wa kowane ɗan garahuni riga tun yana kamar yatsa. Ruwa ya jiƙa, guguwar teku ta yage, ta sake naɗewa. Bayanta ya soma lanƙwashewa, babban ɗanta Eiji kuma ya soma bugo waya yana cewa ta bar wahalar nan ta zo Osaka, akwai ɗaki. Kullum takan ce masa a'a.

Ana haka aka ce za a gina mana gidan kiwon ƙuda. An tara mu a zauren gari, wani mai baƙar jaka ya yi bayani. Za a kiwata ƙudan miliyoyi, a kai su babban tsibiri a haska musu wani haske da ke kashe haihuwa, a dawo da su a sake. Namijin yana nan da ƙarfinsa, zai nemi macen daji kamar kowa, amma duk ƙwan da ta saka bayan nan baragurbi ne. In namu suka fi mazan daji yawa, a hankali iri zai ƙare.

Kaka Kamado, wadda ta ba tamanin baya, ta ɗaga sandarta ta ce, "Ɗan nan, tsaya in gane. Ƙuda ya dame mu, maganinsa a ƙaro mana ƙuda?"

"Haka ne, Kaka. Amma waɗannan ba sa haihuwa."

"Oho, angwayen ado. Ai muna da irinsu a garin nan, ba sai an gina musu gida ba."

Zauren ya ɗauki dariya, wasu suna satar kallon Yaya Seitoku, shi kuwa kunnen hagu ya juya wajen Kaka, bai ji komai ba.

Aiki dai ya samu. Ni aka sa ni cikin mata masu kwaɓa abincin tsutsa, dusar alkama da sukari da yisti, wari kuwa sai da mijina ya ajiye mini guga a ƙofar gida don in yi wanka kafin in shiga. Yaya aka ba shi ɗakin iyaye, wato inda ake ajiye ƙudajen da ba a haska ba, masu saka ƙwan da ake kiwatawa. Dogon ɗaki ne ba taga ko ɗaya, keji a kan keji har rufi, fitilu ne rana a cikinsa. Shugaban ma'aikata, Tobaru Kansei, tsohon mai kula da injin matse rake, shi ya damƙa masa makulli ya ce, "Da safe ka kunna musu, ƙarfe biyar ka kashe."

Kansei ɗan tsibiri ne gaba da baya. Da ya ce biyar, abin da yake nufi shi ne in ka ga sama ta yi ja, an soma kiran yara su shigo gida, to ka je ka kashe. Duk wanda ke ginin nan haka zai ji maganar. A cikinmu duka sai ya zaɓi mutum ɗayan da zai ji ta yadda aka faɗe ta.

Na sha ganinsa. Tun da saura yake zuwa ya tsaya a jikin bango, hannun dama a kan makunni, ido a kan agogon hagu, ba ya ko amsa gaisuwa. Da allurar agogo ta hau biyar sai ka ji ƙit, ɗaki ya yi baƙi ƙirin. Ya kulle ƙofa ya fito, a waje rana tana nan tana gasa rake. Da bazara da hunturu, da ranar da guguwa ta ɗauke rufin ɗakin ajiya, bai fasa ba. Kejinsa kuwa sun fi kwanukan gidana tsabta, wannan ba zan hana shi ba.

Aka yi ta kiwo ana sakewa. Jirgi mai saukar ungulu yakan bi ta kan gonaki yana zazzage su, kowanne an barbaɗa masa garin launi don a bambanta shi da na daji. Da fari tsutsa ta ragu, har Kaka Kamado ta soma cewa ita dama ta san abin zai yi. Daga nan sai abu ya tsaya cak. Aka ƙara yawan ƙudan, ba a ga canji ba. A shekara ta uku ma sai ruɓa ta soma dawowa, manoma suka daina gaishe mu da fara'a a hanya.

A wannan shekarar Eiji ya zo bikin kakanni, ya tarar da uwarsa tana jan gindi a tsakanin kunyoyi saboda tsayuwa ta gagara, rabin garahunin kuma a rami an binne. Ya ce wannan noman shi ne na ƙarshe, in an gama kwashe shi zai dawo ya tafi da ita. Mitsu da ta saba cewa a'a, ran nan sai ta ce to. Ni na kai wa Yaya labari yana wanke keji. Hannunsa ya tsaya a cikin ruwa na ɗan lokaci, ya ce, "Osaka akwai sanyi." Ya ci gaba da wanki, amma keji ɗaya ya yi ta dirza har aka tashi.

Sai aka turo mana Malam Kuwabara daga babbar ƙasa, wani siriri mai sanƙo wanda ranarmu ta dafa masa kai tun makon farko. Bai tsaya duba injina ba. Ya sa aka kafa wani babban gidan sauro, wanda mutum zai tsaya a ciki, a kan rumfar garahuni a gonar Mitsu, don tata ta fi kowacce ƙuda. Ya zuba mazanmu da mazan daji da matan daji a ciki, ya shiga ya zauna a kan kujera tun la'asar har duhu. Yara suna leƙe suna cewa an kawo mahaukaci. Haka ya yi ta yi har ya ga abin da yake nema, sannan ya same mu a lokacin shan shayi.

"Mazanmu lafiyarsu ƙalau," in ji shi. "Suna tashi, suna ci, sun iya kiɗan." Kiɗan da yake nufi shi ne yadda namiji yake maƙalewa a ƙarƙashin ganye yana kaɗa fiffike yana fitar da ƙanshi, mace ta zo ta duba, in ya yi mata ta tsaya. "Matsala ɗaya ce. Rana tana sama suke farawa. Su yi ta yi ba mai saurare, su gaji, su yi lamo. Matan daji kuwa ba sa fitowa sai almuru. In sun fito, mazan daji ne kawai a fili."

Wata mai suna Shige, abokiyar kwaɓina mai bakin tsiya, ta ce, "Wato sun je zance tun budurwa ba ta yi wanka ba."

Malam ya yi murmushi ya juya wajen Kansei. "Ƙarfe nawa ake kashe fitila a ɗakin iyaye?"

"Biyar."

Malam ya riga ya sha zaman jira a tsibirinmu, ya san mu. Ya ce, "Biyar ɗin agogo, ko biyar ɗinku?"

Ɗaya bayan ɗaya muka juya muka dubi Yaya Seitoku. Shi kuwa ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya ce da alfaharinsa, "Biyar daidai, Malam. Tun da aka buɗe ginin nan ban taɓa kuskure ba."

Kansei ya dafe kai da hannu biyu. Shige ta shaƙe da shayi.

Malam ya yi bayani a hankali. A ɗakin nan babu almuru, daga hasken rana sai duhun dare lokaci guda. Duk namijin da ya tsaya jiran sama ta yi ja kamar kakanninsa, duhu ne ke rufe shi bai yi komai ba, ya mutu ba magaji. Masu gaggawa ne suke haihuwa. 'Ya'yansu su gaje su, jikoki su fi su, ƙuda kuma wata biyu ya ishe shi ya ga jikansa. A shekara uku mun kiwata wani iri na dabam, wanda yake gama neman aure kafin a tashi daga aiki.

"Kai jama'a, 'ya'yansa ne sak!" in ji Shige tana share hawaye. "Kun tuna wasan da aka yi a bakin teku muna 'yan mata? Aka ce biyar. Bawan nan ya sha wanka ya zo, ya tarar da ƙaguwa kawai suna yawo, ya yi ta tsaye, ya ce an fasa, ya koma gida. Yana tafiya Mitsu ta iso da fure a kai. Masu molo suka fara, wa ya ja ta rawa? Ɗan Agarie!"

Mata suka yi ta buga cinya. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba, amma da na dubi Yaya sai na daina. Bai ji haushin tsiyar ba, ya saba da ita. Wani abu ne ya isa gare shi a hankali, ina kallon isarsa a fuskarsa.

Ya ce, "Malam, wato garahunin da ke ruɓewa a gonaki..."

"Ba fitila kaɗai ba ce," Malam ya tare shi. "Cunkoso ma ya ɓata su. A keji mace tana kusa, ba sai an wahala ba. Ko wa aka ba ɗakin nan da mun sami matsala, ko ba wannan ba."

Gaskiya Malam ya faɗa, amma ina jin ta kunnen hagu ta shiga. Abin da Yaya ya ji shi ne, da hannunsa, kullum, ba fashi, ya kashe gonar Mitsu. Na ji tausayinsa ƙwarai, don ban taɓa ganin mutum ya yi wa abin da yake so ɓarna da irin wannan himma ba.

Washegari ya zo cikin kwat ɗinsa ta Kawasaki mai warin kafur, ya tsaya gaban Kansei ya sunkuya har kansa ya kusa taɓa gwiwa, ya ce ya zo ya ajiye aiki.

Kansei ya ce, "Kai, ɗago, kana ba ni kunya. Laifina ne, ni na yi wa Jirgin Ƙasa maganar mutane. Je ka cire rigar makokin nan. Kai ka koya musu gaggawa, kai za ka koya musu haƙuri."

Gyara ya ɗauki lokaci. Aka fasa bangon yamma aka yi tagogi. Muka yi ta kwaso ruɓaɓɓen garahuni a guga muna renon tsutsar daji don a sabunta jini. Aka rage cunkoso, aka sa rassa masu ganye a keji don maza su tuna yadda ake maƙalewa a yi kiɗa, aka ƙara musu abinci mai sa ƙarfi kafin a sake su. Fitilu kuwa aka raba musu makunni, aka ce Yaya ya riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya, yana bin rana.

"Ƙarfe nawa zan fara, Malam?"

"Babu ƙarfe. Ka dubi taga."

"To, tsakanin wannan da wannan minti nawa?"

"Yaya Iramina, ka dubi taga."

Na rantse da kakannina, da an ce ya riƙa ɗaukar buhun dusa da haƙori da ya fi masa sauƙi. Kwanakin farko yana tsaye yana gumi, ya dubi taga, ya saci kallon hannu, ya sake duban taga. Shige takan leƙa ta ce, "Jirgin Ƙasa, yau a wace tasha aka tsaya?" Daga baya ya cire agogon ya sa a aljihu, sai dai yana yi yana shafa aljihun. A hankali ya soma gane cewa jan sama iri-iri ne, ranar hadari dabam, ranar iska dabam. Har ya zo yana ba mu labarin wannan kamar shi ya fara ganin faɗuwar rana a duniya.

Da sabon irin ya fito, sai aka buƙaci mai zama a gidan sauron nan na gonar Mitsu. Aikin shi ne ka zauna da 'yan kwalabe, duk biyun da ka ga sun haɗu ka kife su a kwalba, gobe a duba launi a san ko namu ne ya yi nasara ko na daji. Ba wanda yake son aikin, don zafi da ƙaiƙayi. Yaya ya ɗaga hannu tun Malam bai rufe baki ba, aka mayar da wani kan fitilu. Mata muka dubi juna, ba wadda ta ce uffan, wannan kuwa ba ƙaramin ƙoƙari muka yi ba.

Haka ya zama kullum rana ta karkata yana cikin raga. Mitsu takan kawo shayi da 'yan dunƙulen mazarƙwaila ta miƙa masa ta ƙarƙashi, ta kifa guga a waje ta zauna tana naɗe jarida. Mutumin da a da jimla ɗaya ce rabonta a mako, yanzu ga shi a ɗaure, ba halin mayar da hula a wuce.

"Seitoku, wai gaskiya ne gwamnati biyanka take yi ka kalli ƙuda suna aure?"

"Aikin kimiyya ne, Mitsu."

"To, malamin kimiyya, wancan da ya faɗo daga ganye fa?"

"Ta ƙi shi."

"Me ya yi mata?"

"Ya yi saurin matsowa."

"Wancan kuma na gefe, da ya yi shiru?"

"Shi bai fara ba tukuna."

"Ai kuwa zai ga ta tafi."

Ya yi kamar ta kunnen hagu ta faɗa, alhali a damansa take zaune.

Kwalabe suka soma kawo labari mai daɗi. Da fari a cikin goma da ƙyar a sami namu ɗaya, daga baya suka zama kusan rabi. Ranar da Malam ya ce namu sun kamo na daji, Yaya ya bi shi har bakin famfo ya tambaye shi ko noman bana zai tsira. Malam mutum ne da ba ya shafa wa magana mai. Ya ce a'a, abin da aka gyara yau sai baɗi za a soma ganinsa a gona, ko ma wata baɗin. Maganarsa ta tabbata, don bayan wasu shekaru ƙudan ya ƙare ƙaf, muka loda garahuni a jirgi tsirara ba rigar jarida, Kaka Kamado ba ta kai ga gani ba. Amma wannan daga baya ne. A shekarar nan dai noman Mitsu ya lalace kamar na bara, Eiji kuma ya sauka daga jirgin ruwa da igiyoyi da kwalaye.

Ranar da ya rage mata kwana ɗaya ta tafi, na je taya ta haɗa kaya. Da yamma ta aike ni in ciro sauran jakunkunan jarida daga rumfa. Ina bayan ganye sai na ga ta fito, ba shayi a hannunta, ta wuce gugan da take zama, ta ɗaga bakin raga ta shiga. Ban ga dalilin yin tari ba, sai na tsuguna.

"Za ki sakar mana ƙuda," in ji Yaya.

"Su fita. Gobe jirgi zai tashi, Seitoku."

"Na sani."

Sama ta yi ja, ragar ta cika da 'yar ƙarar fiffike. Yaya yana riƙe da kwalba yana juya ta, biyu suka haɗu a kan ganye dab da hancinsa bai ko kula ba. Can ya yi gyaran murya.

"Mitsu, na daɗe ina tunani. Ni irin waɗannan ne da muke sakewa. Na tsufa, kunne ɗaya, ba gona, ba jirgin kamun kifi. Gonarki ma ni na kashe. Duk wadda ta karɓe ni, ba abin da zai biyo baya. Shi ya sa na ga bai dace in..."

Mitsu ta dube shi, sai ta fashe da dariya har da tari, ta dafa sandar rumfa. "Kai, wannan mutum! 'Ya'ya kake tsammani nake nema, da wannan bayan nawa? Huɗu na haifa, na goya, na yaye. Ina suke?" Dariyar ta tsaya. "Kuma ka daina ɗaukar wa kanka girma, ba kai ka kore ni ba. Ni da tsutsa tun ina amarya muke tare, ba ta taɓa sa na ce zan bar gidana ba. Tukunya nake ɗorawa, in auna shinkafar mutum shida, sai na zuba ruwa in tuna, in kwashe in mayar. In zauna in ci ina jin ƙarar haɗiyata. Shi ne na gaji da shi. Eiji ya ce a can ana ci tare, shi ya sa na ce to."

Yaya ya juya kwalbar da ke hannunsa ya ce, "Ni a tsaye nake ci."

"A tsaye?"

"A bakin murhu. Tun rasuwar Inna. Ba wanda zan zauna dominsa."

A nan ne hawaye ya zubo mini a kan jarida, ni da na zo saurare don in sami abin ba Shige gobe.

Mitsu ta goge ido da gefen zanenta ta ce, "To, ajiye kwalbar nan. Eiji yana ciki yana ɗaure kaya. Ka je ka gaya masa da bakinka, ni ba zan faɗa maka ba."

Ya ajiye. Ya fito daga raga ya bar ta a buɗe, ya haura zuwa gidan yana tafiya kamar wanda za a yi wa allura. Na bi baya nesa kaɗan. Eiji yana durƙushe a kan kwali da igiya a baki, ya ɗago ya ga dattijo ya sunkuya a gabansa.

"Kawu, lafiya?"

"Eiji, na zo ne... uwarka nake so. Tun kafin a haife ka."

Eiji ya cire igiyar daga baki, ya dubi uwarsa da ke tsaye a ƙofa, ya sake duban Yaya. "Kawu, wannan ai tun ina firamare na sani. Inna, haka ne? Kin fasa?"

"Kwance kwalin tukwane tukuna," in ji Mitsu. "Yunwa nake ji."

Ni na wanke shinkafa, na mutum huɗu. Mitsu ta zaɓo garahuni biyu da tsutsa ta yi wa afuwa, ta soya da awara da ƙwai. Ba tebur, an riga an ɗaure shi, sai muka kifa kwali a tsakar ɗaki muka kewaye. Na zuba wa Yaya na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya juya ya nufi bakin murhu da kwanonsa. Mitsu ta miƙa hannu ta kama ƙafar wandonsa ta ja. Ya dubi hannun, ya dube ta, ya lanƙwasa gwiwoyinsa a hankali ya zauna kusa da ita.